Firiyon Ba Ya Ƙarewa: Shirya Mukayyif Kafin Zafin Jidda Ya Kama

Wannan lacca ce da wani injiniyan na'urorin sanyaya wuri, waɗanda ake kira mukayyif a Saudiyya, ya gabatar wa Hausawa masu shaguna da gidajen abinci da masu kula da masallatan unguwa, a wata istiraha, wato gidan taro na haya, da ke kudancin Jidda, bayan sallar isha'i, a ƙarshen watan Janairu. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayena, yayyena da ƙannena, da iyayenmu mata da ke saurare daga ɗaya ɓangaren, barkanmu da dare. Allah ya saka wa dattawan da suka haɗa wannan zama da alheri.

Na san akwai mai cewa a ransa, ana cikin ɗan sanyin nan na Janairu, wa ke ta mukayyif? To ai shi ya sa aka tara ku yanzu. In Yuli ya shigo ba mai zaman sauraron lacca a cikinku, mu ma masu gyara ba za ku same mu ba, wayar kowa tana ta ƙara, kowa kuma cewa yake nasa ne na gaggawa.

Ba maganar ɗan shubbak ɗin ɗakin kwana, wato ƙaramin mukayyif na taga, zan yi ba, ko da yake mai shi zai ƙaru. Ba kuma irin tashar Shamiya da ke sanyaya Harami a Makka ba, mai ƙarfin tan 120,000, wannan tana da ma'aikatanta dare da rana. Namu na tsakiya ne: na baƙala, wato kantin kayan masarufi, na maɗ'am, wato gidan abinci, na shagon ɗinki da na aski, na ofishin kargo, na masallacin unguwa. Siplit manya masu injin ciki da na waje, dulab mai tsayuwa a ƙasa, kaset da ke manne a silin, wanda aka ɓoye a cikin rufi ana ganin bakin iskarsa kaɗai, da kuma bakej, babban akwatin nan da ake ajiyewa a kan satahi, wato saman bene. A gida Nijeriya da doki ake auna ƙarfinsu, a nan kuwa da tan. Tan ɗaya BTU 12,000 ne a awa, wajen kilowat uku da rabi na sanyi. Dulab ɗin masallaci yawanci tan huɗu ne ko biyar, bakej kuma daga biyar ya yi sama har ashirin da wani abu.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don in aka gane wannan, rabin laccar ta ƙare. Kowa a nan ya sha ruwan randa. Me ke sanyaya shi? Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin ƙasar, ya bushe, in zai bushe kuma sai ya tafi da zafin randar. Duk ruwan da zai koma tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da ke kusa da shi. Wannan sinadarin da muke ce wa firiyon ruwa ne mai saurin tafasa ƙwarai. R-22 yana tafasa a wajen digiri 41 ƙasa da sifili, R-410A kuwa a wajen 51 ƙasa da sifili. A cikin shagonka yana bi ta bututun jan ƙarfe yana tafasa, yana zuƙe zafin iskar da fanka ke turo masa. Kwamfireso ya ja wannan tururi, ya matse shi har ya fi iskar waje zafi, ya tura shi injin waje. Can fanka ta hura masa iska, ya sauke zafin, ya koma ruwa, ya sake komawa ciki. Haka yake zagayawa. Inda ya bambanta da randa shi ne nasa ba ya tafiya iska. A rufe yake cikin bututun da aka yi wa walda.

Saboda haka ku riƙe wannan, don ita ce maganar da na zo da ita yau: firiyon ba ya ƙarewa. Ba fetur ba ne, ba a ƙona shi. Na'urar da aka haɗa da kyau tana iya shekaru goma da firiyon ɗin da ta zo da shi daga kamfani. In ya ragu, to akwai inda yake zuba. Amma je ka tambayi masu shagunan unguwar nan, da wuya ka sami wanda bai biya kuɗin cika firiyon ba bara. Sanyi ya ragu, a tsayar da mai dabbab, wato babur ko ƙaramar motar kaya, da ke wucewa da tukunyar gas a baya, ya ɗora geji, ya girgiza kai, ya ce firiyon naƙis, wato ya ragu, ya ɗura, ya karɓi kuɗinsa. Bayan wata biyu a sake kiran wani. Ba na cewa duk maha'inta ne, da yawansu iyakar abin da aka koya musu ke nan. Amma wanda ya ɗura maka gas bai nemi inda yake zuba ba, ya sayar maka da iska ne kawai. Mafi muni kuma, sau da yawa gas ɗin ma bai ragu ba. Datti ne.

Mu hau satahi mu gani. Ɗauki wani gidan abinci irin namu, mai tuwo da shinkafa da soye-soye. Bakej ɗinsa na can sama, bututun hayaƙin kicin na gefensa, wani lokaci bai kai taku uku ba. Hayaƙin mai yana fita, fankar bakej tana jawo shi. Maiƙo ya kwanta a kan ragar alminiyon, ƙura ta zo ta manne, gashin tattabaru ya zo ya hau kai, ga leda, ga ganyen da iska ta kwaso. In ka tsaya daga nesa za ka ce ragar lafiyarta lau. Kashe wuta, buɗe murfi, ka haska tocila daga ciki. In hasken bai ɓullo ta waje ba, iska ma ba ta wucewa. Akwai na'urorin da ragarsu biyu ce a jere, ta waje fes, amma tsakaninsu datti ya daskare har ana ɓamɓaro shi da hannu.

Me ke faruwa in iska ba ta wucewa? Zafin da aka kwaso daga shago ya rasa inda zai sauka. Matsin firiyon ya hau. Ko da lafiyar na'ura ƙalau, a ranar zafi matsin R-410A yana kaiwa wajen psi 480 a ɓangaren waje, R-22 kuma wajen 300. Ƙara datti a kan wannan sai matsin ya wuce gona da iri, kwamfireso ya riƙa jan wuta fiye da ƙa'ida, mansa ya yi zafi ya tsinke, daga nan ko dai makarin matsi ya yanke shi yana kunnawa yana kashewa, ko ya ƙone gaba ɗaya. Yanzu ka ɗauka a kan wannan halin aka zo aka ƙara masa gas. An ƙara wa borno dawaki ke nan.

Kuma ku tuna irin zafin da muke magana. Ana gwada na'urorin da ake sayarwa a ƙasar nan a matakai biyu. A takardar na'ura za ka ga T1, wato zafin waje digiri 35, da T3, wato digiri 46. Kwatanta lambobin biyu, za ka ga ƙarfin sanyin ya sauka a T3. Wannan sabuwar na'ura ce fa, ba ta ga ƙura ba. Jidda ta taɓa kaiwa digiri 52 a watan Yunin 2010. A hajjin 2024 an auna 51.8 a Harami. Waɗannan kuma zafin iska ne a inuwa, satahin siminti da tsakar rana ya fi haka. Na'urar da tun asali take aiki a bakin iyakar ƙarfinta ba ta da rarar da za ta ba datti.

Wankin kansa ba wani sirri ba ne, amma akwai inda ake ɓata shi. A kashe wuta daga tablon, wato akwatin makunnan wutar gini, ba da rimot ba. A rufe akwatin wayoyi da leda. A fara share busasshen datti da buroshi mai laushi, sannan a kawo ruwa, daga ciki zuwa waje in da hali, don a mayar da dattin ta hanyar da ya shigo. Kada a kawo famfon wankin mota a sake masa ƙarfi, zai kwantar da ragar ya toshe ta, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ta lanƙwashe akwai ɗan matajin da ake miƙe ta da shi. In akwai maiƙo sai an sa sinadarin wanki, amma wanda aka yi don wannan aiki, a kuma ɗauraye sosai. Ku guji mai asid ɗin nan da ke kumfa yana sa raga ta yi ƙyalli nan take, ƙyallin nan naman alminiyon ne yake ci.

Mu na Jidda muna da ƙarin matsalar da 'yan uwanmu na Riyad da Madina ba su da ita, gishirin teku. Alminiyon da jan ƙarfe suna manne da juna a cikin raga, in danshi mai gishiri ya zauna a tsakaninsu sai alminiyon ya fara ruɓewa, ya zama farin gari. Za ka shafa hannu ka ga yana zubowa. In ya kai nan babu wankin da zai dawo da shi. Maganinsa tun da wuri shi ne ɗauraye injin waje da ruwa mai daɗi akai-akai, ko sau ɗaya a wata ga wanda ke kusa da teku, kuma in za ka sayi sabo ka nemi wanda aka shafa wa ragarsa maganin tsatsa.

To mu sauko cikin shago. Filta. Wannan kam ba ka bukatar injiniya, yaron shago ma zai iya. A ciro, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa, ta bushe sarai, a mayar. Lokacin zafi duk mako biyu. Shagon ɗinki, inda zare da burbushin yadi ke tashi, da shagon aski, duk mako. Bayan an yi guguwar ƙura kada a jira lissafi, a wanke washegari. Filtar bakej wata ta wanki ce, wata ta takarda ce, ita canza ta ake yi. Abin da na roƙe ku kada ku yi shi ne cire filta gaba ɗaya wai don iska ta ƙaru. Za ta ƙaru na kwana kaɗan, sannan duk ƙurar ta koma kan ragar ciki wadda kullum a jiƙe take, ta zama taɓo.

In iska ta ragu a ciki, firiyon ba ya samun isasshen zafin da zai zuƙa, ragar ta yi sanyi fiye da kima, danshin da ke kanta ya daskare. Sai mai shago ya ga ƙanƙara ya yi murna, ya ce kai, wannan mukayyif akwai ƙarfi! Alhali ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, kuma firiyon ɗin da bai gama zama tururi ba yana komawa kwamfireso a matsayin ruwa. Kwamfireso tururi aka yi shi ya matsa, ba ya iya matsa ruwa, abin da ke fasa shi ke nan. Ƙarancin gas ma yana kawo ƙanƙara, gaskiya ne, amma kafin a zargi gas a duba filta da fanka tukuna. In ka ga ƙanƙara, kashe sanyi ka bar fanka kaɗai tana juyawa har ta narke. Kada ka sa wuƙa ko sukundireba ka ce za ka ɓamɓare.

Ga gwajin da kowa zai iya yi da ɗan ma'aunin zafi na riyal kaɗan. Bar na'ura ta yi minti goma sha biyar tana aiki. Auna iskar da take shiga, auna wadda take fita. Bambancin ya kamata ya zama wajen digiri 8 zuwa 12. Rubuta shi ranar da aka gama wanki. Duk sanda ka ji sanyi ya canza, ka sake aunawa, sai ka kira mai gyara da lamba a hannunka.

Sai ruwa. Wanda ya fara haɗa irin wannan na'ura, Willis Carrier, a shekarar 1902 a Burukilin ta Amurka, ba don mutane su ji sanyi ya yi ta ba. Wata maɗaba'a ce danshi ke lalata mata takarda, aka ce ya rage danshin. A Jidda har yau rabin wahalar mukayyif ke nan. Daga Agusta zuwa Satumba, lokacin da kake fitowa daga mota tabaranka ya rufe da raɓa, na'urarka tana tatsar ruwa daga iska ba ƙaƙƙautawa. Ruwan yana taruwa a faranti, ya bi bututu ya fita. Ƙura da gansakuka suna haɗuwa su zama wani abu mai yauƙi, su toshe bututun. Daga nan sai silin ya fara tabo, ko ruwa ya sauko a kan kafet ɗin sahun gaba, ko a kan buhunan shinkafa. Warin da jama'a ke cewa masallaci yana yi in an kunna mukayyif, daga farantin nan yake. A wanke shi, a zuba ruwa a ga yana tafiya da gudu, a busa bututun. Kaset yana da ɗan famfo a ciki mai tura ruwan sama, shi ma a gwada shi. Bakej kuma bututun ruwansa yana da lanƙwasa a bakinsa wadda dole ta kasance da ruwa a ciki, in babu, fanka na zuƙo iska ta nan ta hana ruwan fita. Na sha ganin an yanke lanƙwasar an jefar, wai ita ke tare ruwa.

A duba baƙin soson da aka naɗe bututu da shi. Rana tana cinye na waje, kyanwa tana yagar sa. Inda ya buɗe, sanyi na tafiya a banza, bututun kuma yana gumi yana ɗiga.

Yanzu wuta, kuma a nan zan ja layi. Filta da farantin ruwa da ɗauraye raga, naku ne. Abin da ke bayan murfin wayoyi, na mai sana'a ne. Akwai wani ɗan gwangwani a ciki, kafasita, yana riƙe wuta ko bayan an kashe tablon, kuma yana iya jefar da mutum daga kan tsani. Shi ne kuma abin da ya fi mutuwa a lokacin zafi. In ka ji injin waje yana gurnani amma fanka ko kwamfireso bai tashi ba, yawanci shi ne. In an ciro za ka ga kansa ya kumbura, wani lokaci yana zubar da mai. Kuɗinsa kaɗan ne, amma in aka bar shi da rauni yana jan kwamfireso zuwa kabari. Mai gyaran kirki zai auna shi da mita ya kwatanta da lambar da ke jikinsa, in ya sauka da kusan kashi goma cikin ɗari ya canza shi tun a Maris. Zai duba kwantakta, makunnin da ke haɗa wutar kwamfireso, ko bakinsa ya ƙone, ko tururuwa da ƙadangare sun shiga. Zai ɗaure duk kusoshin wayoyi, don zafi da sanyi suna sassauta su, sako-sakon waya kuma shi ke haifar da gobara. Zai sa mita ya ga ampiya nawa kwamfireso ke ja, ya kwatanta da abin da aka rubuta a farantin jikin na'ura.

Masu bakej da manyan dulab, wutarku mai layi uku ce. In layi ɗaya ya faɗi, ko bambancin ƙarfinsu ya wuce kashi biyu cikin ɗari, motar da ke juya kwamfireso tana shan wuya. In kuma aka yi aiki a tablon aka juya layuka, wani nau'in kwamfireso yana juyawa da baya, ya yi ta ƙara ba sanyi. Akwai ɗan abin kariya da ake sawa saboda wannan, ku sa shi. Bakej kuma yana da bel da boris, a duba bel ko ya tsage ko ya saki, a sa giris inda ake sawa.

Abu ɗaya da ya shafi kowa: in wuta ta ɗauke ta dawo, ko ka kashe, ka ba shi minti uku zuwa biyar kafin ka sake kunnawa, matsin ciki ya daidaita.

To in an wanke komai, wuta lafiya, kuma da gaske gas ya ragu fa? A nemo inda yake zuba. Alamarsa ta farko maiƙo ne a jikin bututu ko a mahaɗa, don mai yana fita tare da gas. Ruwan sabulu yana nunawa, akwai kuma na'urar shinshina. A gyara, a gwada da naitirojin. Da naitirojin na ce. Kada ka taɓa yarda wani ya gwada maka bututu da oksijin ɗin walda, in ya haɗu da man kwamfireso fashewa yake yi, kuma an rasa rayuka ta haka. Sannan a sa famfon zuƙe iska ya fitar da iska da danshi sarai, a ɗura gas a kan sikeli, gwargwadon nauyin da aka rubuta a jikin na'ura. Wanda bai zo da famfo da sikeli ba, bai zo aikin gas ba.

Kuma gas iri-iri ne, ba a gauraya su. Tsofaffin na'urori R-22 ne, wanda ake janye shi daga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 saboda yana lalata rufin ozon. Ƙasashe irin namu an ba su zuwa 2030 su kusan gamawa da shi, don haka mai tsohuwar na'ura ya fara tara kuɗin sabuwa. Na bayansa R-410A ne, shi gauraye ne na sinadarai biyu, a matsayin ruwa ake ɗura shi. Sababbi da yawa yanzu R-32 ne, wanda yana iya kama wuta kaɗan, ba a yi masa walda da gas a ciki. Akwai kuma jabu a kasuwa, tukunya da tambari mai kyau, abin ciki Allah kaɗai ya sani. Araha ba ta ado.

Saura lokaci. Da yawanmu da watan Musulunci muke lissafi, mu ce sai gab da azumi za a yi siyana, wato wanki da duba na'ura, ko sai kafin hajji. Amma shekarar hijira tana gaza ta rana da wajen kwana goma sha ɗaya, azumi yana zagaya shekara, zafi kuwa ba ya matsawa. Shekarun baya da azumi ke faɗowa a Yuni da Yuli, wanda ya jira Sha'aban ya riga ya makara. Siyanar mukayyif da watan rana take tafiya. Babban aiki, wanda na lissafa duka, Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. A lokacin masu gyara ba su da cunkoso, kayan gyara suna nan a kasuwa, in an kashe na'ura yini guda ba wanda zai suma. A tsakiyar zafi sai ɗauraye raga da duba ruwa da filta. Ku sani kuma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga sha biyu zuwa uku na yamma. Kada ka matsa wa yaron mutane ya hau satahi da azahar don kwastomominka suna gumi. Bayan asuba ake wannan aiki, kuma a bar raga ta huce kafin a zuba mata ruwa. Sai Oktoba ko Nuwamba a sake dubawa, a ga abin da zafi ya raunana. Lokacin ne kuma ruwan Jidda ke zuwa, ba sai na tuna wa kowa ambaliyar Nuwamban 2009 ba. A share magudanar satahi, a tabbata na'ura tana kan dakali, murfin wayoyi a rufe.

Ga kuma fatura, wato takardar kuɗin wuta. A tsarin da ya fara aiki a Janairun 2018, farashin wutar shaguna yana tsalle in ka wuce kilowat-awa 6,000 a wata. Datti shi ke tura mutane da yawa tsallake wannan layin. Hukumar kula da tsimin makamashi ta ƙasar nan tana ba da shawarar a ajiye na'ura a kan 24. Sa ta a 16 ba ya sa ta yi sauri, hana ta hutawa kawai yake yi.

Bari in tsaya nan, in akwai tambaya.

Wani dattijo: Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Ni masallaci nake kula da shi. In sanyi ya zo muna kashe dulab ɗin daga tablon wata biyu ko uku. Akwai laifi?

Amin, Baba. Babu laifi a kashewa, wajen kunnawa ne ake kuskure. Manyan na'urori da yawa suna da ɗan abin ɗumama man kwamfireso, wanda ke aiki ko na'urar tana kashe, muddin tablon na kunne. In an yanke wuta tsawon lokaci, firiyon yana gangarowa ya shige cikin man. Ka kunna kai tsaye sai man ya yi kumfa, kwamfireso ya tashi ba mai. Don haka, Baba, ku ɗaga tablon tun daren jiya, ku bar shi ya kwana, gobe ku kunna da rimot. 'Yan uwanmu na Madina da Riyad da Ɗa'if, inda ake daɗewa ba a kunna ba, su suka fi bukatar wannan.

Wani matashi: Yaya, mu da muka taso a Sudan mukayyif na ruwa muka sani, ba ya cin wuta. Me zai hana in sa shi a shagona?

Ƙanena, a Khartum da Wad Madani yana aiki don iskar can busasshiya ce, ruwan yana samun inda zai bushe. A Riyad ma haka. A Jidda iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, za ka ƙara wa shagonka danshi ne kawai, kayanka su yi fumfuna. In kana da shi a wani gari, a canza ciyawarsa duk shekara, a kankare gishirin da ke taruwa, kada kuma a bar ruwa ya kwana a cikinsa watanni, don ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye yana haifar da ƙwayoyin cutar huhu.

Wata Hajiya ta aiko da takarda: tana so ta sayi na hannu a nan ta aika Kano ta kargo.

Hajiya, a duba farantin jikinsa kafin a biya. Wutar Saudiyya mai bugu 60 ce a daƙiƙa, ta Nijeriya da Nijar da Sudan kuwa 50. Na'urar da aka rubuta wa 60 kaɗai, in ta je can motarta za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, sanyi ya ragu, kuma ta riƙa zafi. Wasu masu inbata, wato masu daidaita gudun motarsu da kansu, an rubuta musu 50 da 60 duka, waɗannan ba matsala. Sannan wanda zai cire ta ya fara tattara gas ɗin cikin injin waje, ya rufe bawul biyu, ya toshe bakin bututu da kyau don kada danshin teku ya shiga a hanya. A ɗora injin wajen a tsaye, kada a kwantar da shi, in ya isa kuma a bar shi ya yini a tsaye kafin a haɗa masa wuta.